Awa Biyun da Na Hana Habila

Talatu, Dauda, Lami, kun taso kuna jin ana cewa Baba Ƙaraminku Habila bai samu jana'izar kakarku ba saboda bai damu ba. A bakina ba ku taɓa jin wannan magana ba, amma kuma ba ku taɓa jin na ƙaryata ta ba, alhali ban da shi kansa, ni kaɗai na san ƙarya ce. Yanzu ido ya fara ja da baya, hannu kuma yana rawa in na riƙe biro, don haka gara in rubuta muku yadda aka yi tun ina iyawa. Na gaya wa Habila zan rubuta. Ya yi dariya, ya ce in rubuta mana, amma kada in manta in sa cewa ya fi ni kyau tun muna yara. To, ga shi na sa, ko da yake duk wanda ya san mu ya san gaskiya.

Kun san ni da agogo. Shekara talatin da ɗoriya na yi a masaƙa, ban taɓa shiga get bayan an busa jiniya ba. A wurin aikin nan akwai doka ɗaya da ta shiga jinina: ba ka barin injin sai mai karɓarka ya zo ya tsaya a inda kake tsaye. Saboda haka mai latti a wurina ɓarawo ne, lokacin wani yake sata. Shi kuwa Habila, tun daga ciki ya fara latti, don Iya takan ce sai da ya ƙara mako biyu a kan watanninsa kafin ya ga dama ya fito. Shi ne autanta. Ya girma ya zama direban tirela, yau Legas gobe Maiduguri, in ya ce Talata zai zo, to ku dafa abincinsa ran Juma'a. Amma in ya shigo gida sai gida ya cika. Ni zan kawo buhun masara a yi mini sannu, shi zai kawo burodi guda ɗaya a yi ta guɗa.

Da Iya ta kwanta ciwon ajalinta, a gidana ta kwanta, nan Unguwar Boro. Wata bakwai ni da mamarku muna juya ta, muna wanke ta, muna kai ta asibiti. In na shigo ɗakin da kofin kunu sai ta ɗaga ido ta ce, "Habila ne?" In na ce ni ne, sai ta ce, "Oho, kai ne. Sannu." Ba zan ɓoye muku ba, wannan "oho" ɗin ya ci mini rai. Mutum mai furfura, mai 'ya'ya uku, amma ina kishin ƙanena kamar yaron da aka yaye.

Ta rasu Habila yana kudu da kaya. Muka kai ta ƙauye, can bayan Zonkwa, aka sa jana'iza Asabar ƙarfe goma na safe. Ƙarfe tara da rabi wayata ta yi ƙara, na zaga bayan rumbu na ɗauka.

"Yaya, mota ta lalace mini tun jiya, na bar ta da yaron mota. Yanzu haka ina Kachia, na samu ɗan acaɓa. Don Allah ku ba ni awa biyu. Awa biyu kawai, in ga fuskarta."

Na ce masa, "Na ji."

Na kashe waya na sa a aljihu na dawo cikin mutane. Fadan da ya zo yi mana Misa dattijo ne mai haƙuri. Kafin a rufe akwati ya dube ni, tunda ni ne babba, ya ce, "Akwai wanda ake jira? In akwai, zan iya zama." Na ce babu wanda ake jira. Kawunmu ya tambaye ni ko Habila ya kira, na girgiza kai. Aka rufe, aka yi Misa, aka binne ta. Sha biyu ta ɗan wuce, mutane suna wanke hannu za su ci abinci, sai ga shi a bayan babur, jar ƙasa har cikin gira. Ya tsaya a kan kabarin ya daɗe. Mata suna ta gunaguni a bayansa, wai ɗan da aka fi so ke nan, ko waya bai iya bugowa ba. Ya juyo ya dube ni. Na jira ya tona ni a gaban dangi, bai ce uffan ba. Ko ruwa bai sha ba ya hau babur ɗin da ya kawo shi ya koma.

Shekara tara ke nan muka yi ba ma magana. Ya baro Tudun Wada ya ƙetaro kogi lokacin da mutanenmu suka yi ta dawowa wannan gefen saboda rikici, ya kama gida layi huɗu da namu. Coci ɗaya, Misa ɗaya ta ƙarfe shida. Shi da iyalinsa gefen hagu, mu gefen dama, don in an zo ba juna hannu na salama kada hannuna ya kai gare shi. Talatu, a cikin shekarun nan aka yi aurenki. A al'adarmu ƙanen uba ne yake zama ya karɓi baƙi, shi yake miƙa 'ya. Ke kika ce ba kya son mutumin da ya wulaƙanta Kaka ya miƙa ki, ni kuma na yi shiru na bar ki a kan haka. Aka nemo wani ɗan uwa na nesa da ko sunanki sai da aka tuna masa.

Kada ku ɗauka na daina zuwa konfeshon furta zunubaina ga Fada. Ina zuwa, duk Kirsimeti da Ista, da wankakkiyar riga. In durƙusa in ce na yi fushi da matata, na sha burkutu ya ɗan wuce kima, na yi gyangyaɗi lokacin wa'azi. Fada ya ba ni addu'o'in tuba in yi su tsaf, ran Lahadi in shiga layi in karɓi Jikin Yesu, gurasar nan mai tsarki, kamar kowa. Na share tsakar gida tas, na tura sharar ƙarƙashin gado.

A shekara ta taran aka gama ginin ƙaramin ɗakin sujada a bayan cocinmu, sabon Fada ya ce za a fara adoreshon kowace Alhamis. Bayan Misar safe za a fito da Jikin Yesu a sa a cikin abin nan na zinariya mai kama da rana, a ɗora a kan bagade, ya zauna har shida na yamma mutane suna zuwa suna zama a gabansa. Katikis mai taimaka wa Fada ya tashi a coci ya yi bayani da ƙarfi.

"Ku ji da kyau. In an fito da shi, ba a barinsa shi kaɗai, ko minti ɗaya. Wanda yake ciki ba ya fita sai mai karɓarsa ya shigo. Kuma ba a hira a ciki, ba a kunna waya. In hira kake so, ga gindin mangwaro can."

Na ce a raina, yau ga coci ta yi magana irin ta masaƙa. Safe da yamma sunaye suka cika, amma tsakar rana babu kowa, kowa yana wurin nema. Aka ce mu tsofaffi masu ritaya mu ɗauki awa bibbiyu. Ban kai ga rubuta sunana ba na tarar an riga an rubuta mini, ɗaya zuwa uku. A ƙarƙashina kuma, uku zuwa biyar, ga sunan Habila, wanda ciwon baya ya sauke shi daga tirela yana ɗan sayar da kayan gyaran mota. Duka sunayen biyu hannu ɗaya ne ya rubuta su, kuma na san hannun, don shekara arba'in ina ganinsa a takardar cefane. Na dawo gida na tsaya a ƙofar kicin.

"Saratu, wa ya aike ki?"

"Ni da Rahila matarsa muka aiki kanmu," in ji mamarku, ko juyowa ba ta yi ba. "In ba ka so, Baban Talatu, je ka gaya wa Katikis dalili. Ka faɗa masa da bakinka cewa ba za ka zauna da Yesu ba saboda ƙanenka ne zai karɓe ka."

Ban je ba. Ta san ba zan je ba.

Haka muka fara. Wuri ne da ya dace da mutum biyu da ba sa magana, tunda dama an hana magana. Ɗaki ne ƙarami, benci huɗu, fanka ɗaya mai kuka, kyandir biyu, sai ƙamshin turaren da ya kama labule. Awa ta farko nakan ja rosari, carbinmu na addu'a. Ta biyu nakan zauna kawai, ina kallon Yesu yana kallona, kuma ban san akwai hutu irin wannan a duniya ba sai da na tsufa. Amma da uku ta buga sai hutun ya ƙare. Uku da biyar, uku da goma, uku da kwata, sai in ji takun silifas ɗin Habila. Ya cire a bakin ƙofa, ya durƙusa da gwiwa biyu yana nishin baya, ya zauna a bencin baya. Ni kuma in tashi in fita ba tare da na dubi gefensa ba. Minti goma sha biyar ɗin nan kuwa ba addu'a nake yi ba, ƙara nake kaiwa. Ina cewa, Ubangiji, ka gani da idonka ko? Ka ga irin halin nasa? Kai ma sai ya sa ka jira. Wata biyar ina kai wannan ƙara, ba a taɓa amsa mini ba.

Sai wata Alhamis cikin damina. Lami, ranar ce iyayen mijinki za su zo gaisuwar farko. Baban yaron daga Jos ya taso, ranar kaɗai ya samu, aka sa ƙarfe huɗu. Na yi lissafina: ko Habila ya yi lattinsa na kullum, uku da rabi ina gida, na yi wanka na sa babbar riga. Wajen biyu da rabi sama ta haɗe, aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Uku ta yi. Uku da kwata. Uku da rabi. Babu Habila, babu kowa, don ruwan ya kori har tsofaffin matan da kan leƙo su yi gaisuwa su wuce. Na tashi na je bakin ƙofa na leƙa. Harabar coci ta zama tafki, ko kaza babu. Na sa ƙafa ɗaya a takalmi. Na waiga na ga kyandir biyu suna ci, ga Jikin Yesu can a kan bagade, ɗaki babu kowa. Na cire ƙafar na dawo na zauna.

Da farko tafasa nake yi. Ni da ban taɓa sa wani ya jira ni ba, yau surukai suna zaune a falona suna duba agogo. Huɗu ta wuce, fushin ya fara sanyi, tsoro ya maye gurbinsa. Na tuna kwalbatin da ke tsakanin layinsu da coci, yadda ruwa yake shafe ta, ga mutum mai ciwon baya. Na ce, in ruwa ya tafi da shi fa? Abin da zan tuna na ƙarshe tsakanina da ɗan uwana shi ne ƙeyata da nake juya masa. Na dubi bagade na ce, ka kawo shi lafiya, ko ƙarfe nawa ne, zan zauna. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Maganar da Fada dattijo ya yi mini a gaban akwatin Iya ke nan, ni kuma na ce babu wanda ake jira. Na zauna na ƙirga abin da awa biyu take. Ba komai ba ce. Ga ni zaune cikinta, ban mutu ba, duniya ba ta tashi ba. Ita Habila ya roƙe ni, na hana shi, kuma ba don agogo ba. Don "oho" na hana shi. A ranar na fara kiran abin da sunansa, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba ran da aka binne ta.

Biyar saura minti goma Habila ya shigo. Wando a naɗe har gwiwa, laka har ƙwauri, silifas ƙafa ɗaya. Ashe kwalbatin ta cika, sai da ya zagaya ta babban titi da ƙafa. Ya durƙusa ruwa yana ɗiga daga rigarsa. Maimakon ya tafi bencin baya, sai ya matso kusa da ni, ya karya dokar Katikis, ya yi raɗa.

"Yaya, sori. Ka yi haƙuri. Na gode da ka jira."

Na dafa kafaɗarsa da ta jiƙe, na fita.

Na isa gida biyar da rabi ina shirya ban haƙuri a baki. Na tarar surukai sun ci paten tsaki, sun miƙe ƙafa, baban yaron yana ba Dauda labarin ƙwallo. Na fara cewa su gafarce ni, ya ɗaga hannu.

"Haba Baba, ai mun ji inda kake. Wanda ka tsaya wa ya fi mu. Zauna ka huta."

Ran Asabar da yamma na shiga layin konfeshon. Na bar mutum uku suka wuce gabana kafin na samu ƙarfin gwiwa. Na durƙusa, na ce Fada ya sa mini albarka gama na yi zunubi, sai bakina ya kama hanyar da ya saba, fushi da mata, gyangyaɗi a coci. Na tsaya. Fadan nan yaro ne, sa'an Dauda, amma ya iya shiru. Ya bar ni har na gaji da jin numfashina, sannan na faɗa masa duka, tun daga bayan rumbu har zuwa girgiza kai. Abin da mutum ya faɗa a konfeshon Fada ba ya da ikon fitar da shi, amma ni mai zunubin ina da iko, shi ya sa nake gaya muku.

"Baba," ya ce, "Allah ya daɗe yana jiran wannan maganar, kuma bai gaji ba. Zan ba ka gafara. Amma ka ɗauki sunan mutum ka ajiye shekara tara. Sai ka mayar masa da kayansa."

Na ce, "Fada, da wane ido zan dube shi?"

"Da wanda kake duban Yesu da shi ran Alhamis. Shi ma ai ya san komai, kuma kana zama."

Na fito jikina sakayau, har na ji yunwa. Ran Lahadi na karɓi Jikin Yesu, kuma a karo na farko cikin shekara tara ban yi saurin haɗiyewa ba.

Alhamis ta zagayo. Habila ya zo uku da kwata kamar kullum, don kada ku ɗauka ya canza, har yau bai canza ba. Na fita, amma ban tafi gida ba. Na zauna a benci gindin mangwaro har biyar ta yi, mai karɓarsa ta shiga, ya fito yana neman takalminsa. Na kira sunansa. Ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Na ce masa na ji wayarsa sarai a ranar, an tambaye ni na ce bai kira ba, Fada ya ce zai jira na ce babu wanda ake jira. Na ce kishi ne, ba wani abu ba. Na ce ya yafe mini.

"Na sani, Yaya," ya ce. "Tun a ranar na sani."

"To me ya hana ka faɗa? Ana zaginka kana ji."

"In faɗa a gaban 'ya'yanka? Ni an saba zagina a kan latti, ɗaya ya ƙaru ba komai. Kai kuwa in suka raina ka, wa zai riƙe gidan?"

Ya ce in bar yara, abin ya wuce. Na bi maganarsa a lokacin, na ce muku kawai mun shirya, kuka ga shi ya zauna ya karɓi baƙi a auren Lami kuna ta mamaki. Sauƙi na bi, na sani. Rabin kayansa na mayar masa a ranar, sauran rabin shi ne wannan takarda. Talatu, ke musamman, ki je ki gaishe shi. Ba laifinki ba ne, amma ki je.

A ranar muka ci gaba da zama a bencin nan. Mawaƙan kwaya sun fara taruwa a cikin coci suna gwada murya. Can Habila ya share fuska da hularsa ya ce, "Yaya, wane zane aka sa mata?"

Sai a lokacin na gane babu wanda ya taɓa ba shi labari. Shekara tara kowa yana fushi da shi, ba wanda ya zauna ya gaya masa yadda aka sallami uwarsa. Na gaya masa zanen zumuntar matan coci aka ɗaura mata, da farin ɗankwali, da rosarinta mai baƙin ƙwaya a hannu. Na gaya masa fuskarta ta kwanta, kumburin ya sauka, ta koma kamar lokacin da muke yara. Na gaya masa su wa suka ɗauki akwati, da gefen da aka sa kanta. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, "To. To." Sannan ya tambayi abin da nake tsoro.

"Ta yi maganata?"

Akwai saƙon da ta bar mini kwana biyu kafin ta cika, wanda ko mamarku ban gaya wa ba. Ta riƙe hannuna ta ce, ta san ɗanta, ba zai iso da wuri ba. Ta ce, "In Habila ya iso, hanya da nisa. Ku ba shi abinci tukuna, kafin ya yi kuka."

Na faɗa masa kamar yadda ta faɗa. Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa. Na miƙe na kama hannunsa na ce a'a, abinci tukuna ta ce, tashi mu je gida. Muka bi layi a hankali saboda bayansa. Mamarku ta gan mu daga ƙofa, ta juya kicin. Tuwon acca ne da miyar karkashi. Na zuba masa ruwan wanke hannu da kaina, na zauna a gabansa, ban ci ba, har sai da ya cinye malmala biyu ya suɗe kwano. Ya wanke hannu, ya ce ya ƙoshi. Na ce to, yanzu kana iya yi.